Kwanon da Na Suɗe a Akra

A Legas Anti Larai ta daina ce mini “'yata”. Daga Birnin Gwari har Kaduna, daga Kaduna har muka ƙetare Kwara, 'yata kaza, 'yata kaza, ga ayaba, ga ruwan leda. Muna sauka a tasha sai na koma “ke”. Ke, ɗauko jakar nan. Ke, rufe baki, me kike kallo?

Ba jininmu ba ce. Ƙanwar matar wani ɗan garinmu ce, na Gwaska, tun kafin 'yan bindiga su tashe mu mu shigo Birnin Gwari mu raɓa a ɗaki biyu bayan kasuwa. Ita ta zo ta zauna a tabarmar Innarmu ta ce akwai makarantar ƙananan yara a Gana da ke neman yarinya mai takardar sakandare. Babana bai so ba. Mutum ne da ya yi noman masara har ana zuwa aro a rumbunsa, yanzu kuwa sai dai ya zauna a ƙofar masallaci yana ɗinkin hula. Ba abin da ya rage masa sai mutunci, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu. Da ya amince, magana ɗaya ya yi mini: “Nusaiba, kada in ji sunanki a bakin mutane.”

A Seme Anti ta karɓe wayata da katina na shaida, wai jami'an kan iyaka na ƙwace na yara. Na ba ta. A Kwatano ta sayi shinkafa ta ci ta juya mini baya. Wata tsohuwa da ke kujerar gefenmu, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, ta ɓare rogo dafaffe ta raba biyu ta ɗora mini rabi a cinya ba tare da ta dube ni ba. A Lome na ga teku. Na sha gani a littafi, amma ban san yana ƙara ba, na kuma ji tsoronsa, don ruwan da na sani duk yana da ɗaya gaɓar.

Da muka isa Akra ba makaranta. Gida ne mai doguwar katanga, da wayar lantarki a samanta, da karnuka biyu. Matar gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, ta daɗe a Ingila, can ta haifi 'yarta Tifani, sa'ar ƙanwata. Ta zagaya ni kamar mai taya akuya, ta ɗaga mayafina da ɗan yatsa, ta ce wa Anti da Turanci, ba komai, za su yi mini “lick into shape”. Anti ta yi dariya, ta miƙa mata wayata da katina a gabana, ta ce mini, “Ke, ki yi biyayya.” Ban sake ganinta ba.

Kalmar nan na san ta. Malam Istifanus, malaminmu na Turanci, ya koya mana tun muna aji ɗaya: lick, lasa, irin ta kyanwa da nono. Ban san tana da wani aiki bayan wannan ba. Mai dafa abincin gidan ce ta fassara mini, Mama Komfot, dattijuwa 'yar Saliyo mai ƙafa ɗaya a kumbure. Da Turancin buroka muke magana, ni da ita.

“Cewa ta yi za ta lanƙwasa ki har ki yi daidai da abin da take so,” in ji ta. “A Turancin garinmu kuma, in aka ce za a yi wa mutum lick, duka ke nan. Madam ta iya duka biyun. Kina jina, yarinyata?”

“Ni makaranta aka ce mini.”

“Ni ma otal aka ce mini. Ɗauki tsintsiya.”

Aikin bai kashe ni ba. Wadda ta yi sussukar masara ta ɗebo ruwa daga rafi, goge tayil ba zai kashe ta ba. Kewa ce ta so ta kashe ni. Ba na jin kiran salla, sai dai in duba inuwar katanga in yi kirdado. Ba mai ce mini sannu. Na kan tsaya ina guga in ji ƙamshin daddawa a hancina, alhali babu daddawa a unguwar kaf.

Abincina a bayan kicin ake ajiye mini, kusa da famfo, a kwanon roba da cokali a ciki. Nakan ajiye cokalin gefe. Mu a gidanmu da hannu ake ci, na dama, a yi bismilla, a ci ta gabanka. In ka gama ka bi kwanon da yatsa ka suɗe shi tas, ka lashe yatsunka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka wanke hannu. Haka aka koya mana a gida, haka aka koya mana a Islamiyya, domin ba ka san a wace loma albarkar take ba. Kuma duk wanda ya tsaya a bakin daji ya hango rumbunan garinsu suna ci da wuta, ba sai an sake yi masa wa'azi a kan ƙwayar hatsi ba. Ban taɓa tunanin abin kallo ba ne. In ma da abin kunya, a wurina shi ne abin da nake kwashewa daga teburinsu kullum: rabin kaza, shinkafa an caccaka an bari, a zuba wa karnuka.

Wata rana da hantsi Tifani ta kira ni falo, ƙawayenta uku na zaune, ta juyo mini da wayarta. Ni ce, tsugune a gindin famfo, ina suɗe kwano, ina tanɗe yatsu. Ta taga ta ɗauke ni ban sani ba. Ta sa mini kunnuwan kare a ka, da dogon harshe ja da ke zazzalowa duk lokacin da na buɗe baki. Ta sa haushi. A ƙasa ta rubuta kalmar nan da manyan baƙaƙe.

Kare. Ni da ko rigata karnukan gidan suka shafa sai na wanke kafin in yi salla.

Suna ta birgima a kujera. Madam ta shigo ta leƙa, ta dafe ƙirji don dariya, ta ce, “Kai, Tifani, ba ki da kirki,” irin faɗin da ake yi wa yaron da ya burge. Daga ranar sunana ya ɓace a gidan. Liki, kawo ruwa. Liki, zo ki goge nan.

Har yanzu in na tuna sai in yi ta tambaya. Me na sata? Wa na zaga? Abincin da kuka ba ni na ci, na girmama shi fiye da yadda kuke girmama shi. Yarinyar da ba ta taɓa wanke ɗan kamfanta ba, ita ce za ta koya mini tsabta? Na ga Madam da idona tana lasar yatsa tana buɗe shafin mujalla. Na ga Tifani tana lashe askirim har gwiwar hannu. Wannan duk wayewa ce. Nawa ne na dabbobi.

Kalmar kuwa kamar ta yi rantsuwa sai ta bi ni ko'ina. Mijin Madam mutum ne shiru-shiru. Ranar da ubangidansa na ofis ya zo cin abinci, ya yi ta rusunawa yana dariyar da ba ta kai ciki ba, baƙon na fita Madam ta jefe shi da “bootlicker”. Mama Komfot ta raɗa mini cewa mai lasar takalmin manya ke nan, ɗan fadanci. Na dube shi yana tsaye da kofi a hannu, ya sunkuyar da kai, na ce ashe ba ni kaɗai ake yanka da wuƙar nan ba. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce a bar ni ba, ko sau ɗaya, saboda haka tausayinsa bai daɗe a raina ba.

Na daina ci da hannu. Na daina ci in akwai taga a kusa. Nakan ɗauki kwanon in shige banɗakin masu aiki in rufe ƙofa. Wannan ma ban yafe ba, cin abinci a inda ko bismilla ba a yi.

Da na ga ba zan iya ba, na sami Madam tana shan shayi na durƙusa na ce ina so in koma gida. Ba ta ko ɗago ba. Tifani ce ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko wayata, tawa, wadda Anti ta ba su. Ta sa mata caji tuntuni, ta shiga ko'ina.

“Wannan zauren hirar danginku ne? Wannan na 'yan ajinku? Wane ne Sani Mai Shago?”

Malam Sani maƙwabcinmu ne. Ta wayarsa muke kiran Baba, don ta Baba ƙarama ce, ba ta hoto. Shagonsa na kallon ƙofar masallacin da Baba ke zama.

“Ranar da kika taka ƙofar gidan nan,” in ji ta, “sau ɗaya zan danna, hoton nan ya je musu.”

Na koma kicin. Abin da nake gani kawai shi ne majalisar ƙofar masallaci, waya na yawo daga hannu zuwa hannu, har ta iso ga mai ɗinkin hula. Ba katanga ce ta tsare ni a gidan nan ba, ba kuma karnuka ba. Damina ta shigo ta fita ina nan.

Sai bikin zagayowar haihuwar Tifani ya taso. Aka kawo masu fenti, Madam na nuna musu bango tana cewa “a lick of paint” kawai take so, wato a ɗan shafa sama-sama. Ina jin kalmar na saki bokiti, ruwa ya malale a tayil. Ranar na san ɗaya ma'anar da Mama Komfot ta faɗa mini, da wayar caja, a cikin sito.

Ranar bikin da rana tsaka, yara sun cika farfajiya, ana kiɗa. Aka yanka kek aka ci. Ina tattara faranti sai Tifani ta tafa hannu ta ce a yi shiru, akwai wasa. Ta ɗauki farantinta mai dameji da kirim ta ajiye a ƙasa, a kan ciyawa, a gabana. Wayoyi suka tashi sama, ko'ina na duba ido ne baƙi yana kallona.

“Liki,” ta ce, “lick it.”

Na ji fitsari na neman kubce mini. Ba zan ce jarumta na yi ba, don ban ma san na yanke shawara ba. Na dai san in na durƙusa a ciyawar nan, to abin da ta zana a waya ya zama gaskiya, ba ƙarya ba kuma. Na farkon zalunci ne aka yi mini. Wannan da hannuna zan sa.

Na duƙa. Suka fara ihu. Na ɗauki farantin, na miƙe, na ce mata da Hausa, don Turancin ya gudu daga kaina, “Ni 'yar mutane ce.” Na wuce kicin na wanke shi na kife.

Ba zan ba da labarin abin da ya biyo baya a sito ba. Mama Komfot ce ta gasa mini baya da ruwan zafi, tana tsaki, tana zagin Madam da yarensu.

Washegari da safe ta ce wa Madam ƙafarta ta matsa mata, ba za ta iya ɗauko kayan miya ita kaɗai ba, a ba ta ni. Madam na fama da ciwon kan gajiyar biki, ta yi mana nuni da hannu mu tafi. Ba mu nufi kasuwa ba. Muka shiga ƙaramar bas, muka sauka a wata unguwa mai cunkoso, kwata a buɗe, yara na gudu. Sai na ji wani yana cewa, “Kai, matsa mini da kurar nan.” Hausa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya.

“Zango ke nan, mutanenku,” in ji Mama Komfot.

“Za ta tura, Mama. Tana ganin ban dawo ba za ta tura.”

“Za ta tura. In kin zauna ma wata rana za ta tura, ranar da ta gaji da ke. Je ki wurin uwarki. Masu Turanci na cewa lick your wounds, dabba ma in an ji mata ciwo raminta take komawa ta yi jinya.”

“Ke fa? Me za ki ce mata?”

“Zan ce kin ɓace mini a kasuwa. Tsohuwa ce ni mai ƙafa ɗaya, in bi ki da gudu?”

Ta damƙa ni a hannun wata mai tuwo, Hajiya Adiza, ta juya tana ɗingishi. Ban san sunan garinsu ba. Ban san abin da aka yi mata ba. Kullum tana cikin addu'ata, ita da ba addininmu ɗaya ba.

Hajiya Adiza a zangon aka haife ta, Hausarta ma daban, tana ce wa mace “ya zo”. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Sannu.” Kalmar nan kaɗai, na fashe da kuka har masu cin tuwo suka daina ci. Ta ba ni wurin kwana tare da jikokinta, ina yi mata wanke-wanke. Ta lura ba na ci a gaban mutane. Ba ta tambaye ni dalili ba, sai dai ta riƙa ajiye mini nawa a bayan wani tsohon duro, ta kuma hana kowa zagayawa can.

Ita ta haɗa ni da wata 'yar kasuwa da za ta Kwantagora, a motar albasa da ta sauke kaya za ta koma Yawuri. Muka bi ta arewa, muna kwance a kan buhunan da ba komai, warin albasa har cikin ƙashi. A kowane shinge matar nan sai ta ce jikarta ce ni, ba ni da lafiya, ta ja mayafi ta rufe mini fuska. Ba ƙarya ta yi sosai ba.

Daga Tegina na shiga motar Birnin Gwari. Duk wanda ya san hanyar nan ya san inda hira ke mutuwa. Ana shiga dajin direba ya kashe rediyo, mai goro ya daina tauna, kowa na kallon bishiyoyi yana motsa leɓe. Muka wuce ƙonanniyar mota a gefen titi, ciyawa ta fito ta tagoginta. Matar da ke kusa da ni ta riƙe hannuna gam. Ita tana roƙon Allah mu isa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ban san me nake roƙo ba. Dajin da ya kore mu daga garinmu, ranar ban ji tsoronsa kamar yadda na ji tsoron layinmu ba.

Hoton ya riga ni isowa. Tun a tasha na gane, daga yadda wani ɗan acaba ya dube ni ya taɓo na kusa da shi. Da na shiga layinmu wasu yara da ke wasan ƙwallo suka tsaya, ɗaya ya yi haushi, sauran suka kwashe da dariya suka watse.

Inna ta rungume ni, tana shafa bayana, na yi ƙara saboda tabon bai gama warkewa ba. Ta ɗaga rigar ta gani. Ta zauna a ƙasa.

“Baba ya gani?” na ce.

“Malam Sani ya nuna a majalisa. Wai shi bai gane ke ce ba sai da aka gama kallo.” Ta ja tsaki. “Tun ranar babanki bai sake zama a can ba. Ya yi salla ya dawo.”

Bayan la'asar na ji takunsa. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ina kallon ƙafafunsa. Ya rame.

“Kin dawo.”

“Na dawo, Baba.”

Ina jira ya tuna mini maganar da ya yi mini. Na shirya amsa tun daga Yawuri, duk ta zube.

Sai ya ce wa Inna, “Akwai tuwo?”

“Akwai na rana, sai dai a ɗumama.”

“Ɗumama. Ki zuba a kwano ɗaya, ki kawo waje.”

“Waje kuma, Malam?”

“Waje.”

Akwai ɗan dakali a ƙofar gidan, yana kallon hanyar da kowa ke bi zuwa masallaci da kasuwa. Nan ya shimfiɗa buzunsa. Ya ce in fito. Rabon da in sa hannu a kwano ɗaya da Baba tun ban fara ɗaura ɗankwali ba. Na zauna a gefe ina ja da mayafi, mutane na wucewa suna rage tafiya.

Ya yi bismilla ya fara ci, a natse, miyar kuka na bin yatsunsa. Na gutsuri kaɗan na kai baki. Da ya cinye gefensa ya karkata kwanon, ya bi shi da yatsa, ya suɗe, ya kai baki. Ya lashe babban yatsa. Ya lashe manuni. A lokacin Malam Sani ya fito daga shago da buta a hannu, ya gan mu, ya yi kamar zai koma.

“Malam Sani,” in ji Baba, bai ɗaga murya ba. “Ina wayar taka?”

“Allah Ya ba ka haƙuri, Malam, wallahi ni...”

“A'a, ɗauko ta. Ga uban karen nan yana ci. Ka ɗauka da kyau, ka kai musu.”

Malam Sani ya tsaya da butarsa kamar an dasa shi. Masu wucewa suka sunkuyar da kai suka ƙara sauri. Baba ya gama lashe na ukun, bai gaggauta ba, sannan ya turo mini kwanon. Ya bar mini gefena, da ɗan sauran miya a gindi.

Na sa yatsa. Hannuna ya hau karkarwa har kwanon na ƙara a kan siminti. Ina jin kamar akwai taga a bayana. Na yi, na yi, yatsan ya ƙi tasowa zuwa bakina. Har yau da nake rubuta wannan bai taso ba, kuma in wani ya ɗaga waya kusa da ni sai na tsinci kaina a bayan ƙofa.

“Baba, ba zan iya ba.”

Ya sa tafin hannunsa ya danne bakin kwanon, ƙarar ta tsaya.

“Ba sauri muke ba,” ya ce.

Muka zauna a nan, kwanon na tsakaninmu, gari na wucewa ta gabanmu, har aka kira magariba.